Abin Da Ya Zaunar Da Ni A Shagon Ƙofar Ƙaura

Na dawo Katsina daga bautar ƙasa a ƙarshen 2019, da takardu biyu a jakar leda: shaidar babbar difloma a fannin lantarki, da shaidar kammala hidimar ƙasa. Shekara guda na yi ina karɓar alawus na naira 19,800 duk wata. Muna cikin rukunonin ƙarshe da suka karɓi wannan adadi, domin a watan Janairun 2020 aka mai da shi 33,000. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma dai suna zuwa, kuma sai da suka daina zuwa na san inda nake.

Mahaifinmu ya rasu tun ina sakandare. Inna ce ta riƙe mu da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ni ne babba, ƙanne huɗu na bayana. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan samu aiki ba. Kullum da safe in na ɗauki takardu zan fita sai ta ce, "Allah Ya ba da sa'a." Da ma faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi a kan wannan addu'ar, domin na san abin da ke bayanta.

Wata biyu da dawowata, wani abokin kawuna ya sama mini gurbin sanin makamar aiki a wani kamfani da ke kan ɗaya daga cikin manyan titunan gari. Ba zan ɓoye abin da ya ja ni ba. Ginin ne, da ƙofar gilashi, da sanyin da ke bugun mutum in ya shiga, da motoci masu tambarin kamfani a gefe, da katin shaida da ake rataya wa a wuya. Aka ce wata shida za mu yi, naira 20,000 duk wata, in an ga ƙoƙarin mutum sai a ɗauke shi. Ranar farko da na dawo unguwa ban cire katin daga wuyana ba sai da na shiga gida, don ina so Inna ta gani.

Mu huɗu aka ɗauka, duk masu digiri ko babbar difloma. Aikinmu shi ne fotokwafi, da kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan, da sayo wa manya abinci in azahar ta yi. Ni aike bai taɓa zame mini abin kunya ba, da shi na tashi. Abin da ya riƙa cin raina shi ne, kullum da safe injiniyoyi su ɗebi kaya daga sito su shiga mota su tafi wurin aiki, mu kuma a bar mu a kan benci. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce wa ɗayansu, "Oga, ko zan bi ku in riƙe muku ko da tsani ne?" Ya ce babu wuri a mota. Na leƙa, kujerar baya babu kowa.

Kuɗin watan farko sai sha biyu ga wata na gaba suka fito. Na biyu aka ba mu rabi. Na uku aka ce ana jiran sa hannun manaja. Na fara takowa a ƙafa daga Sabuwar Unguwa don in rage kuɗin adaidaita, in isa ofis takalmina ya yi futu-futu, in tsaya a bakin ƙofa in goge kafin in shiga. Abokan zamana suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya tambayi dalilin tafiyarsu, ban ma tabbata an lura ba. Da aka shiga kullen korona a 2020 sai saƙo ya shigo wayata cewa an dakatar da mu sai yadda hali ya yi. Har yau halin bai yi ba.

A cikin kullen nan fankar ɗakin Inna ta tsaya. Ƙanina ya ce, "Yaya, ai aikinka ne." Na kwance ta, na zauna ina kallon cikinta, na san sunan kowane abu da ke ciki da dokar da yake aiki da ita, amma hannuna bai san inda zai fara ba. Na yi wata huɗu a kamfanin lantarki ban riƙe mitar auna wuta ko sau ɗaya ba. A daren nan ban yi barci ba.

Bayan an sassauta kulle, mutanen unguwa suka haɗa kuɗi za a sa wa masallacinmu sola. Wanda ya zo aikin dattijo ne, gemunsa ya fara fari, da yaro guda ɗaya. Na ga suna fama da tsani sai na je na riƙe musu. Da ya sauko ya tambaye ni ɗan gidan wa ne, na faɗa masa, ya ce ya san mahaifina, ya yi masa addu'a. Sannan ya tambayi abin da na karanta. Da na faɗa sai ya dube ni ya ce, "To in kana so ka ga abin da ka karanta da idonka, ka same ni gobe a shago, wajen Ƙofar Ƙaura."

Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Batura a jere a ƙasa, farantan sola a jingine da bango, teburin katako da ƙarfen narka dalma ya ƙona wurare da yawa a kansa. Babu gilashi, babu katin wuya. Maigida bai yi karatun boko mai zurfi ba, aikin wayarin ya koya tun yana saurayi, daga baya ya koma sola. Kafin in taɓa komai sai ya sa na zauna, ya buɗe littafin shago, ya samu shafin da babu rubutu. Ya ce, "Ni ba na son a yi zama cikin duhu. Wata shida za ka yi. Zan ba ka 15,000 ranar ashirin da takwas ga kowane wata, abincin rana kuma tare muke ci. Wata biyun farko batir da waya, na biyun tsakiya hawa rufi, na ƙarshe inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, da lissafi. In wata shida ya cika, ko dai ka zauna in riƙa ba ka kaso a kowane aiki, ko in rubuta maka takarda ka nemi inda ya fi. Ka yarda?" Na ce na yarda. Ya ce in rubuta da hannuna tunda na fi shi iya rubutu, muka sa hannu mu biyu.

Abokaina da ke cikin shirin N-Power suna karɓar 30,000 a lokacin, ninki biyu na abin da zan samu. Wani ya ce mini, "Haba, da babbar diflomarka za ka koma yaron shago?" Maganar ta shige ni. Na kai wa Inna, ta yi shiru sannan ta ce, "Wancan wurin da ka yi, wa ya taɓa zaunar da kai ya faɗa maka abin da za ka zama?" Ban ba ta amsa ba, washegari na koma shago.

Maigida ba ya koyarwa da dogon bayani. Miƙo maka abu yake yi. A satin farko ya ɗora mini mita a hannu ya ce in auna kowane batir da ke shagon in rubuta. Ya nuna mini yadda ake duba ruwan batir, da dalilin da ya sa ba a zuba masa ruwan rijiya sai tataccen ruwa. Ya ɗauko wayoyi biyu, siririya da mai kauri, ya haɗa kowacce da lodi iri ɗaya, bayan ɗan lokaci ya ce in taɓa. Siririyar ta yi zafi har ba ta riƙuwa. Ya ce, "Wannan zafin da ka ji, kuɗin mai gida ne ke ƙonewa, wata rana kuma gidan ne." Na karanta wannan a aji da alƙaluma, amma sai ranar ya zauna mini a kai.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai raina karatuna ba, kuma bai ji tsoronsa ba. Shi da ido yake kimanta abin da gida ke buƙata, kuma yakan dace. Da ya ga ina iya lissafin a takarda sai ya fara tura ni gaba in mun je duba aiki. In ƙirga fankoki, kowacce kamar wat 75, da ƙwan fitila na zamani mai wat 10, da firji in akwai, in tambayi awa nawa ake kunna kowanne. Batir mai amfiya 200 a bolt 12 yana ɗauke da kusan wat 2,400 na awa guda, amma irin mai ruwan nan ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba bai daɗewa. Da na nuna masa haka a rubuce sai ya yi murmushi ya ce shi ya sa baturan wani Alhaji ke mutuwa duk shekara, ya daɗe yana faɗa masa lodin ya yi yawa ba ya yarda. Muka je tare, ya ce in yi wa Alhajin bayani da takarda. A gaban mutumin ya ce, "Ga injiniyanmu, shi zai nuna maka." Ban taɓa jin an kira ni da wannan suna da gaske ba sai ranar.

A wata na uku muka je Mani sa wa wani mai kemis sola don firjin magani. Ni na hau rufi, na kafa farantan suna fuskantar kudu da ɗan karkace, kamar yadda ya koya mini, tunda mu a nan muna arewa da tsakiyar duniya, kuma karkacewar tana taimaka wa ƙura da ruwa su gangara. Na sauko ina jin daɗin kaina. Maigida ya tafi sallar azahar, ni kuma na ce bari in ƙarasa kafin ya dawo ya ga ƙoƙarina. Ƙa'ida ita ce a fara haɗa batir da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, sannan a kawo wayar faranti. Ni sai na fara da faranti, rana kuwa tana tsakiyar ƙarfinta, ga gaggawa ta sa na juya wayoyin batir, ja ya tafi wurin baƙi. Na ji ƙara ɗas, sai hayaƙi siriri da warin roba.

Na tsaya da waya a hannu, jikina duk ya mutu. Kuɗin kwantirolar ya fi albashina na wata. Abin da ya zo mini a rai shi ne shike nan, wannan ƙofar ma ta rufe.

Da ya dawo ya ji warin tun daga bakin ƙofa. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Ba ka ji ciwo ba ko?" Na ce a'a. Ya je mota ya ɗauko wata, ya ce in haɗa, yana tsaye yana kallo, bai ce uffan ba sai da fitilar ta kama. A hanyar dawowa ma bai ta da maganar ba. Washegari na tarar da ƙonanniyar a kan tebur da sukudireba a gefenta. Ya ce, "Buɗe ta ka nuna mini abin da ya mutu, ka faɗa mini dalili." Na wuni a kanta. Na gano abin da ya ƙone, na zana masa hanyar da wutar ta bi. Ya ce, "To ka biya." Ranar ashirin da takwas ya ƙirgo mini 15,000 cif. Na ce, "Baba, kwantirolar fa?" Tun daga ranar na koma kiransa Baba. Ya ce wadda shi ya ƙona yana yaro ta fi wannan tsada, maigidansa kuwa mari ya yi masa ya riƙe masa kuɗin wata biyu, kuma abin da ya koya daga marin shi ne ɓoye kuskure. Shi ba ya son yaron da zai ɓoye masa kuskure a kan rufin mutane.

Maganar ranar ashirin da takwas ɗin nan, ban san nauyinta ba sai daga baya. Akwai watan da wani babban aiki ya maƙale, mai aikin ya ƙi biya, shago ya bushe. Duk da haka ranar ba ta wuce ba. Sai bayan shekara yaron shagon ya faɗa mini cewa a watan nan tunkiyar gidansa Baba ya sayar. Da na yi masa maganar sai ya karanto mini hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ya ce bai ga inda aka ce sai in an biya maigida ba. Mai ƙaramin albashi a kan rana yake gina komai. Ya riga ya faɗa wa mai shagon unguwa ranar da zai biya, ya faɗa wa ƙaninsa ranar kuɗin jarabawa. In ranar ta goce, ba aljihunsa kaɗai aka taɓa ba, an mai da shi maƙaryaci a gidansu.

Da wata shida ya cika, shi ya tuna, ba ni ba. Ya buɗe shafin nan ya ce in zaɓa. Na zauna. Ba a yi wata biyu ba ya tura ni Daura ni kaɗai in sa wa wani mai lambu famfon sola a rijiyar burtsatse, ya ba ni makullin sito da kuɗin kaya a hannu. Da ruwa ya fara zuba a cikin kwatar albasa na kira shi a waya don ya ji ƙarar.

Daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, sana'armu ta canza. Litar fetur da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Masu janareta suka yi ta zuwa, masu aski, masu cajin waya, masu ƙanƙara, manoman rani da injin ban ruwa ya gagare su. Duk wanda ya iya aikin sai ya zama abin nema. Wani kamfani daga Kano ya kira ni da albashin da ya kusa ninka abin da nake samu. Na kwana uku ina juya maganar kafin in kai wa Baba, ina jin nauyi. Bai ɓata rai ba. Ya tambaye ni abin da za su sa ni yi, da ko akwai wanda zan koya a wurinsa, da ko sun rubuta mini sharuɗɗan. Ya ce, "In ya fi maka, ka tafi da albarkata, takardarka tana nan zan rubuta. Ban koya maka don in ɗaure ka ba." Na fita na zauna a rumfa, na ga cewa mutumin da ya ba ni duk abin da zan iya barinsa da shi, shi ne na kasa bari. Ba zan ce kuɗi ba su shiga lissafina ba. Sun shiga, domin a satin ya ƙara mini kaso ba tare da na roƙa ba, ya ce in an buɗe shago na biyu ni zan riƙe. Da bai yi haka ba, da ƙannena huɗu a makaranta, wataƙila da ƙauna kaɗai ba ta riƙe ni ba.

Yanzu ni ke riƙe da shago na biyun, kuma ni ke karɓar matasan da ke zuwa sanin makamar aiki. Wasu daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wasu daga kwalejin Hassan Usman Katsina, wasu daga Dutsin-Ma. Lamarinsu ya fi namu wuya ta wani ɓangaren. Mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, alawus ɗin bautar ƙasa ya koma 77,000 a 2025. Yaro ya gama hidima ya saba da wannan, ya zo wurina, ni kuma ba kullum nake iya kai masa can ba a watannin farko. Ba na yi masa alkawarin abin da babu. Ina buɗe littafi in faɗa masa abin da zan iya, da ranar da zan bayar, da abin da zai iya yi da hannunsa in wata shida ya cika. Wasu su tafi ba su dawo ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Bara wata yarinya ta zo, ta karanta kimiyyar fiziks, mahaifinta ne ya rako ta. Bai tambayi kuɗi ba sam. Tambayarsa ita ce ƙarfe nawa ake tashi, ina za ta yi salla, akwai bayan gida mai ƙofa, kuma da wa za ta riƙa fita in aikin waje ya taso. Ni ban taɓa tunanin waɗannan ba, domin mu maza a bakin masallacin layi muke komai. Na roƙe shi sati biyu. Muka kewaye wani lungu a bayan shago, muka gyara bayan gida, muka tsai da cewa ƙarfe biyar take tashi. Ita ce yanzu ke yin lissafin lodi na duk aikin da muke karɓa, ta fi ni sauri, kuma matan aure da ba sa son namiji ya shiga ɗakunansu ƙirga kaya ita suke nema.

Akwai kuma wanda ya fi kowa hannu a cikin waɗanda na koyar. Wata takwas ya yi, aka kira shi Abuja. Ranar da ya faɗa mini na ji zafi a raina, har na kusa faɗin maganar da ba ta dace ba, na ce duk wahalar da na yi a kansa wani zai mora. Sai na yi shiru, na ce ya dawo gobe. Da daddare na rubuta masa takarda, na lissafa ayyukan da ya yi shi kaɗai da garuruwan da ya yi su. Bayan wata uku da tafiyarsa wani yaro ya zo da lambata a rubuce a bayan takarda, ya ce wancan ne ya turo shi, ƙanin abokinsa ne, ya ce masa kada ya je ko'ina sai nan.

Baba ya daina hawa rufi, gwiwa ta hana shi, amma yakan zo shagona ranar Asabar ya zauna a rumfa. Asabar ɗin da ta wuce ya tarar da sabon yaron nan yana tsugune da mita a gaban batura yana rubutawa. Ya kalle shi na ɗan lokaci, sannan ya kira ni gefe ya tambaye ni a hankali ko na tanadi kuɗin yaran, tunda ashirin da takwas ta kama ranar Talata. Na ce suna nan a ajiye tun jiya. Ya ce to in kawo masa shayi.